Latbiyanci ko Sebuwano: wanne ya cancanci lokacinka?

Me ya haɗa kifi da kaska? Abin da mutum zai fara cewa ke nan idan ya ji an jera Latbiyanci da Sebuwano wuri ɗaya. Na farko harshen Latbiya ne, ƙaramar ƙasa a gaɓar Tekun Baltik da ke arewacin Turai, wadda duk jama'arta ba su kai miliyan 2 ba. Na biyu kuma harshen tsibiran tsakiya da kudancin Filifin ne, masu shi sun fi kiransa Bisaya ko Binisaya, kuma waɗanda suka tashi da shi a baki sun kai kimanin miliyan 20. Ba dangin iya ba na baba. Amma akwai inda suke haɗuwa, wato gaban ɗalibin da yake neman karatun likita ko jinya ko injiniya a waje da kuɗin da bai kai na Ingila ko Amurka ba. Riga, babban birnin Latbiya, da Sebu, birni a tsakiyar Filifin, duk suna da jami'o'in da ke karɓar baƙi suna koyar da su da Turanci. A Riga akwai Jami'ar Riga Stradiņš da Jami'ar Fasaha ta Riga, a Sebu akwai irin su Cebu Doctors' University da Southwestern University. Lacca da Turanci ce, amma tsohuwar da za ka tarar a gadon asibiti ba da Turanci za ta gaya maka inda ke mata ciwo ba. Can za ka buƙaci "Kur sāp?" idan a Riga kake, ko "Asa ang sakit?" idan a Sebu ne, kuma sai ka iya fahimtar amsar da za ta biyo baya.

Idan yawan masu magana za a duba, ai babu gasa. Sebuwano ya ninka Latbiyanci fiye da sau goma. Da shi ake magana a tsibiran Sebu da Bohol da Sikihor, da gabashin Negros, da yammacin Leyte, da mafi yawan Mindanao har da manyan birane irin su Dabao da Kagayan de Oro. Latbiyanci kuwa masu shi na asali ba su wuce miliyan ɗaya da rabi ba, har da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Ingila da Ayalan da Jamus. Sai dai ni ban yarda a yanke hukunci da wannan lissafin ba, domin ƙaramin nan shi ne yake da gwamnati a bayansa, babban kuwa ba shi da ita. Wannan bambancin ya fi kowane tasiri a kan mai koyo, kuma zan dawo kansa bayan mun duba yadda harsunan suke a baki.

A wajen furuci, Bahaushe yana da wata riba a Latbiyanci da Bature ɗan Ingila ba shi da ita. Latbiyanci yana bambanta dogon wasali da gajere, kuma ma'ana tana sauyawa da shi. "Kazas" awaki ne, "kāzas" bikin aure ne. "Pile" ɗigon ruwa ne, "pīle" agwagwa ce. Wanda ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, kunnensa ya riga ya saba. Abin da suka fi mu shi ne suna rubuta tsawon, da ɗan layi a saman wasalin, don haka ba sai ka yi hasashe ba. Baƙaƙensu 33 ne, kuma wasu da ke tsorata baƙo a takarda ba su da wuya a bakinmu: ķ tana kusa da "ky" ta kyau, ģ tana kusa da "gy" ta gyara, č ita ce "c" ɗinmu, š kuma "sh". Nauyin kalma kusan kullum a gaɓar farko yake. Har karin sauti suna da shi a dogayen gaɓoɓi, iri uku a daidaitaccen harshe, ko da yake da yawa daga cikinsu biyu kawai suke bambantawa, kuma za a gane ka ko ba ka ƙware a kai ba. Inda za ka sha wuya shi ne cunkoson baƙaƙe. Kalmar tauraro ita ce "zvaigzne", agogo kuma "pulkstenis". Harshenmu ya saba cusa wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa muka mai da burodi da tebur yadda suke, kuma sai ka yi yaƙi da wannan ɗabi'a. Ga kuma "v" da "p" da "f" waɗanda dole ka raba su.

Sebuwano kuwa bakinka zai karɓe shi tun ranar farko. Asalin wasulansa uku ne, a da i da u, sai e da o da suka samu gindin zama ta hanyar kalmomin Sifaniyanci. Gaɓoɓinsa gajeru ne irin namu. Yana da hamza kamar wadda muke yi a sa'a da jama'a, shi ya sa "maayo", wato mai kyau, ake furta ta ma-ayo. Abu ɗaya da zai ɗan ba ka aiki shi ne sautin "ng" a farkon kalma, kamar "ngano" da ke nufin don me, ko "ngalan", suna. Muna da sautin a ƙarshen kalma idan muka ce nan ko can, sai dai ba mu saba buɗe baki da shi ba. Matsalar rubutunsu ita ce ba a nuna hamzar ƙarshen kalma ko inda nauyi yake, kuma mutane suna rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi biyu ko uku, wani ya sa "o" wani ya sa "u". A wannan fagen dai Sebuwano ya fi sauƙi, ba tantama.

Nahawu ne wurin da ya kamata a daɗe, domin nan ne mutane suke yaudarar kansu.

Wahalar Latbiyanci a bakin ƙofa take jiran ka. Kowane suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla, kuma littattafan makaranta suna lissafa sigogi 7, a cikin rukunoni 6 na sunaye. Ɗauki sunan babban birnin kawai. Birnin shi ne "Rīga". Idan za ka je can, "uz Rīgu". Idan daga can ka fito, "no Rīgas". Idan kana cikinsa, "Rīgā", da dogon wasali a ƙarshe, kuma wannan ɗan layin kaɗai ne ya raba "Riga" da "a Riga". Sifa ma tana bin sunan a duk inda ya juya, jinsi da adadi da siga. Ba su da kalmar da ke nuna sananne da wanda ba a sani ba, sai su ɗora aikin a kan sifa: "liels" babba, "lielais" babban nan. Mallaka ma ba kai tsaye ake faɗinta ba. Ina da littafi shi ne "man ir grāmata", kamar ka ce gare ni akwai littafi, idan kuma babu sai ƙarshen littafin ya sauya, "man nav grāmatas". Ko sunanka ba zai tsira ba, don sunan namiji sai an ƙara masa "s" kafin ya shiga tsarin. Ibrahim zai koma Ibrahims, Umar ya koma Umars. Wannan duk haddace ne, watanni na haddar jadawali, kuma ba wata dabara da za ta ɗauke maka. Abin da zai rage maka nauyi shi ne jinsi. Namiji da mace ne kawai, kamar Hausa, kuma mafi yawan sunayen mata da "a" ko "e" suke ƙarewa, na maza da "s". Mu da muka san riga mace ce wando namiji ba za mu tsaya muna tambayar dalilin da ya sa gida, "māja", ya zama mace a wurinsu ba. Suna kuma da "tu" ga tsara da "jūs" ga babba ko baƙo, daidai da yadda muke ce wa dattijo ku.

Sebuwano ba ya nuna maka haƙoransa da wuri. Babu jinsi ko kaɗan, "siya" ita ce shi kuma ita ce ita. Suna ba ya sauya ƙarshe. Jam'i kalma ɗaya ce ake sa wa a gaba, "mga", wadda ake furtawa manga, shi ke nan, kuma duk wanda ya taɓa koya wa baƙo jam'in Hausa ya san girman wannan rahama. Cikin 'yan makonni za ka iya gaisuwa da "Maayong buntag", ka tambayi farashi da "Pila ni?", ka tsayar da motar haya ta jifni da "Lugar lang". Sai ka ɗauka ka gama da harshen. Daga nan ne aikatau zai tare ka.

Jimlar Sebuwano da aikatau take farawa, kuma aikatau ɗin yana sauya siga gwargwadon abin da ake son haskawa a maganar, ko mai yi, ko abin da aka yi wa, ko wanda aka yi domin shi, ko abin da aka yi da shi. Tushen saye shi ne "palit". "Mipalit ang bata og isda" na nufin yaron ya sayi kifi, hankali yana kan yaron. "Gipalit sa bata ang isda" kuwa kifin ne yaron ya saya, hankali ya koma kan kifin. "Gipalitan sa bata og isda ang iyang inahan", mahaifiyarsa ce yaron ya saya wa kifi. Kalmomin kusan duk ɗaya ne, amma ƙananan nan, "ang" da "sa" da "og", sun sauya wuri, aikatau ya sauya ɗafi a gaba da baya. Idan abin bai faru ba tukuna, sai "mopalit" da "paliton" da "palitan". Ga kuma wasu ɗafe-ɗafen na iyawa, da na sa wani ya yi, da na yin abu tare. Wannan tsarin ba ya cikin Turanci ko Larabci ko Faransanci, don haka duk harshen da ka koya a makaranta ba zai taimake ka ba. Abin da zai taimake ka Hausarka ce. Mu da muke juya tushe ɗaya ya ba mu saya da sayo da saye da sayar da sayu mun saba da aikatau mai ɗaukar ma'ana a jikinsa. Ba tsari ɗaya ba ne, kada a ce na ce, amma tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka ma korewa. Suna da "dili" da "wala" da "ayaw", kuma rabon aikinsu yana kusa da namu na ba da babu da kada: "Dili ko doktor", ni ba likita ba ne, "Wala koy kwarta", ba ni da kuɗi, "Ayaw paghilak", kada ka yi kuka.

Akwai abu ɗaya a Sebuwano da dole ka kiyaye saboda zumunci. "Mu" iri biyu ce. "Kita" ta haɗa da wanda kake magana da shi, "kami" ta fitar da shi. Idan ka wuce mutane suna cin abinci za ka ji sun ce "Mangaon ta", mu ci, kuma wannan "ta" ɗin gajeriyar "kita" ce, an sa ka a ciki ke nan, kamar yadda muke yi wa mai wucewa bismilla. Idan ka yi kuskure ka ce "kami" a wurin gayyata, ka gaya wa mutum za ku ci ba da shi ba.

Wani abin da ya burge ni shi ne duka harsunan biyu suna da "wai" ɗinmu. Basebuwane zai ce "Doktor kuno siya", wai likita ne. Balatbiye kuwa a cikin aikatau ya gina ta: "viņš ir ārsts" likita ne, "viņš esot ārsts" wai likita ne, ji na yi ban tabbatar ba. Mai Turanci sai ya yi ta kewaye kafin ya kama wannan, mu kuwa da shi muka tashi.

To wanne ya fi wuya? Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Latbiyanci da Tagalog, ɗan'uwan Sebuwano na kusa, a rukuni ɗaya, makonni 44, sa'o'i sama da 1,000 a aji ga mai jin Turanci. A ganina wahalarsu ta yi kusan daidai, lokacin zuwanta ne ya bambanta. Latbiyanci yana wahalar da kai a shekarar farko, bayan jadawalin ya zauna sai hanya ta miƙe. Sebuwano yana sakar maka fuska a watannin farko, sannan ka daɗe a tsakiya, ana gane ka amma kai ka san jimlolinka ba su zauna daidai ba.

Yanzu ga maganar gwamnati da na ajiye. Latbiyanci shi kaɗai ne harshen hukuma a Latbiya, kuma tun 2004 yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. Ba wasa suke yi da shi ba, kuma tarihinsu ne ya sa. Ƙasar ta sami 'yanci a 1918, Tarayyar Sobiyet ta mamaye ta a 1940, aka kwashe dubban mutane zuwa Saiberiya a 1941 da 1949, aka kuma shigo da ma'aikata masu jin Rashanci da yawa. Kafin yaƙi Latbiyawa sun kai kashi uku cikin huɗu na jama'ar ƙasar, amma a ƙidayar 1989 sun koma kashi 52 cikin 100. Mutanen da suka ga harshensu ya kusa zama na 'yan tsiraru a gidansu ba za su yi sakaci da shi ba bayan sun dawo da 'yancinsu a 1991. A 2012 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan mai da Rashanci harshen hukuma na biyu, kusan kashi 75 cikin 100 suka ce a'a. Akwai hukumar da ke sa ido kan amfani da harshen a wuraren aiki, akwai jarrabawar gwamnati mai matakai daga A1 zuwa C2, kuma sana'o'i suna da matakin da doka ta gindaya musu. Takardar zama ta dindindin tana buƙatar A2, aikin likita yana buƙatar mataki mai zurfi sosai. Ma'anar wannan ga mai koyo ita ce wahalarka tana da takarda a ƙarshe, takardar da ke buɗe aiki da zama.

Sebuwano ba shi da ko ɗaya cikin wannan. Tun 1937 aka zaɓi Tagalog ya zama tushen harshen ƙasa, kuma tsarin mulkin 1987 ya ce Filipino, wato harshen ƙasar da aka gina a kan Tagalog, da Turanci ne harsunan hukuma, sauran na yankuna mataimaka ne kawai. Wannan ya daɗe yana yi wa 'yan Bisaya ciwo, domin har zuwa wajen shekarun 1980 masu Sebuwano a matsayin harshen uwa sun fi masu Tagalog yawa. An shigar da koyarwa da harshen uwa a ƙananan azuzuwan firamare a 2012, sai wata doka ta 2024 ta janye tilascin. Ba wanda zai nemi shaidar Sebuwano a wurinka kafin ya ba ka biza ko aiki. Fom da kotu da jarrabawa duk Turanci ne. Kada kuma ka ɗauka Tagalog zai wadatar da kai a Sebu ko Sebuwano a Manila, babban birnin ƙasar, harsuna biyu ne daban. "Langgam" tsuntsu ne a Sebu, a Manila tururuwa ce.

Wannan bambancin yana bayyana a kayan koyo. Latbiya tana da hukumar yaɗa harshe da ta zuba darussa da ƙamus a intanet kyauta, an tsara su mataki-mataki, kuma daidaitaccen harshen ɗaya ne, abin da ke littafi shi za ka ji a rediyo. A Sebuwano, babban abin dogaro har yau shi ne ƙamus ɗin da John Wolff na Jami'ar Cornell ya fitar a 1972, aiki ne mai kyau ƙwarai kuma ana samunsa kyauta a intanet, amma ya haura shekara 50. Abin da ke littafi kuma ba lallai ne ka ji shi a titi ba. Mutanen birnin Sebu suna haɗiye "l" tsakanin wasula, "balay" gida ya koma "bay", "wala" ta koma "wa". 'Yan Bohol suna mai da "y" ta zama "j". A Dabao an gauraya shi da Tagalog. Lissafin kuɗi da agogo kuma da Sifaniyanci ake yi, "singko", "baynte", "alas dose", gadon mulkin mallakar Sifaniya da ya fara da zuwan jagoransu Legazpi a 1565. Wani zai nuna maka cewa Wikipedia ta Sebuwano tana da maƙaloli sama da miliyan 6, ita ce ta biyu a duniya bayan ta Turanci. Kada wannan ya ruɗe ka. Kusan dukkansu wata manhaja ce mai suna Lsjbot, ta wani ɗan Suwidin, Sverker Johansson, ta ƙirƙire su, gajerun bayanai ne kan tsirrai da ƙwari da sunayen wurare, ba abin da za ka koyi harshe da shi ba ne. Malaminka na gaskiya a Sebu shi ne mai sayar da kifi a kasuwar Carbon da ma'aikaciyar jinya da ke kusa da kai.

A nan kuma Sebuwano ya rama. 'Yan Bisaya mutane ne masu son hira, kuma baƙon da ya ce "salamat", kalmar godiya da asalinta Larabci ne kamar salamarmu, ko ya kira dattijo Manong, dattijuwa Manang, nan take za a saki jiki da shi a yi ta ja masa magana. A Riga samun wanda za ka yi atisaye da shi aiki ne. Mutanen ba su cika magana da wanda ba su sani ba, matasa da sun ji ka yi tuntuɓe za su juya Turanci don su sauƙaƙa maka, kuma a unguwanni da yawa na birnin Rashanci za ka fi ji a titi. Kana iya shekara a can kana da littattafai masu kyau ba ka sami bakin da za ka gwada su ba, sai ka nema da gangan.

Ga mai son adabi, kowanne yana da abin ba shi, amma ba iri ɗaya ba. Taskar Latbiyawa ita ce dainas, gajerun waƙoƙin gargajiya masu yawanci layi huɗu, waɗanda Krišjānis Barons ya tattara ya buga tsakanin 1894 da 1915, sama da dubu 200. Akwatin da ya adana takardun a ciki yana Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Riga, kuma UNESCO ta sa shi cikin kundinta a 2001. Bikin waƙarsu da aka fara a 1873 har yau ana yin sa duk shekara biyar, dubban mutane suna rera waƙa da murya ɗaya. Ga masanin harshe kuma, Latbiyanci da Lituwaniyanci su ne suka rage a reshen Baltik bayan mutuwar tsohon harshen Furusiya. Sebuwano an fara rubuta kalmominsa tun 1521, lokacin da Antonio Pigafetta, wanda ya raka matuƙin jirgin ruwa Magellan, ya tattara jerinsu kafin a kashe ubangidansa a Maktan. Adabinsa na zamani ya tashi da Vicente Sotto da jaridarsa Ang Suga a 1901, sai mujallar Bisaya da aka kafa a 1930. Amma ƙarfinsa a yau a baki yake, a rediyo da waƙa da barkwanci da Facebook.

Idan shawarata ake nema, ga ta. Wanda zai je Latbiya da niyyar zama ya yi aiki, ba shi da zaɓi, ya fara Latbiyanci tun kafin ya hau jirgi, ya fara da jadawalin sunaye, kada ya jira darasin da jami'a za ta ba shi don ba zai kai shi matakin aiki ba. Ya kuma sani cewa harshen ba zai yi masa amfani ba da zarar ya tsallaka iyaka, ko a Lituwaniya maƙwabciya ba za a gane shi ba, balle Istoniya da harshenta ba ya cikin dangin ma. Wanda zai yi karatu a Sebu ko Dabao, mafi yawa gida zai dawo, domin dokar Filifin ta taƙaita aikin likita ga 'yan ƙasa sai inda akwai yarjejeniyar musaya. Shi ba takarda yake nema ba, abin da yake buƙata shi ne ya iya ɗaukar tarihin ciwo daga bakin maras lafiya a shekarun asibiti, kuma wata shida na ƙoƙari na gaske za su kai shi nan. Ya bar Tagalog tukuna, ya kama Bisaya, ya sami abokin karatu ɗan gari ya roƙe shi kada ya amsa masa da Turanci.

Wanda kuma ba tafiya zai yi ba, sha'awa ce kawai daga ɗakinsa a Kano ko Damagaram, Latbiyanci zan ce ya ɗauka, duk da ƙarancin masu shi. Dalilina shi ne ana iya koyonsa daga nesa, saboda an tsara kayan kuma rubutun yana gaya maka yadda za ka furta. Sebuwano daga nesa yana da wuyar kamawa, domin rabin abin da kake buƙata ba a rubuta shi ba, yana bakin mutane. Sai fa idan kana aiki tare da 'yan Filifin, kamar yadda ake yawan samu a asibitocin Saudiyya da ƙasashen Gulf da jiragen ruwa. Idan haka ne, tambayi abokin aikinka daga wane tsibiri ya fito. Idan ya ce Sebu ko Bohol ko Mindanao, to ka riga ka sami malami.